Kula da Mai Taɓin Hankali da Ke Shaye-shaye a Rimin Gado

Taɓin hankali da shaye-shaye sukan haɗu a jikin mutum ɗaya fiye da yadda jama'a suke zato. Wani ciwon ne ya fara kama shi, damuwa ta hana shi barci ko ya riƙa jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, sai ya nemi sauƙi a wajen ƙwaya. Wani lafiyarsa lau ya fara busa wiwi da ƙuruciya, har ta kai shi ga sambatu da zargin kowa. Wani kuma abu ɗaya ne ya jawo masa duka biyun, rasuwar mahaifi ko mutuwar aure ko karayar jari. Abin da likitocin ƙwaƙwalwa suka tsaya a kai shi ne a yi maganin biyun tare, a lokaci ɗaya. Wanda aka ce sai ya daina ƙwaya kafin a duba hankalinsa da wuya ya daina, domin ciwon ne yake tura shi. Wanda aka ba maganin ƙwaƙwalwa aka kau da kai daga shaye-shayensa, ba ya daɗewa ake sake kawo shi asibiti.

Rahoton binciken 2018 na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suke ta'ammali da kayan maye a Najeriya, ban da giya da sigari. A Jihar Kano an sami kashi 16 cikin ɗari, wato sama da mutum miliyan ɗaya. Rimin Gado, da ke kan hanyar Gwarzo yamma da birnin Kano, wadda ƙidayar 2006 ta sa mutanenta sama da dubu 100, ba ta fita daga wannan lissafi ba, sai dai shaye-shayen karkara yana da tasa kamar. A birni da majalisa da daba ake danganta shi. A ƙasar noma irin ta Gulu da Jili da Karofin Yashi, sau da yawa daga gona yake farawa. Ɗan ƙwadagon da ya karɓi jingar noma yakan haɗiyi tiramol da asuba don ya kai la'asar bai ji gajiya ba. Irin wannan ba ya ɗaukar kansa ɗan shaye-shaye, maganin aiki yake cewa yana sha, mai gonar da ya ɗauke shi ma haka yake gani.

Abin da ake sha

Dole mai jinya ya san sunan abin da ɗan uwansa yake sha, domin kowanne da irin haɗarinsa. Tiramol da kodin da allurar fenta dangin juna ne. Tiramol ɗin da hukumar NAFDAC ta amince da shi mai ƙarfin miligiram 50 ne ko 100, amma wanda ke yawo a bayan fage yakan kai 225. Idan ya yi yawa yana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya ko da bai taɓa yin ta ba, yana kuma rage numfashi. Kodin na ruwa gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a watan Mayun 2018, bayan wani rahoton BBC da aka ɗauki wani ɓangarensa a Kano. Hanin ya sa ya yi tsada, amma bai ɓace ba. Fenta kuwa wani lokaci daga gadon asibiti ake sabawa da ita, musamman masu amosanin jini.

Wiwi ce ta fi kowanne alaƙa da zaucewa, kuma haɗarin ya fi yawa ga wanda ya fara ta yana yaro, ko yake busa ta kullum, ko akwai mai taɓin hankali a danginsu. Diyazefam da Rohypnol, wanda matasa ke kira roci, barci da mantuwa suke sawa, kuma haɗa su da tiramol ko kodin na iya tsayar da numfashi cikin barcin. Sholisho da sukudaye shaƙarsu ake yi, sun fi yawa a hannun ƙananan yara saboda arha. Zaƙami, da ke fitowa a bayan gari ba mai shuka shi, yana jawo ruɗewa mai tsanani da gane-gane.

Zaucewar da ƙwaya kaɗai ta jawo takan lafa cikin kwanaki ko 'yan makonni bayan an daina. Idan wata guda ya wuce mutum bai sha komai ba amma yana nan yana jin muryoyi, likita zai fi zaton akwai ciwo mai zaman kansa. Shi ya sa ba a cika faɗin sunan ciwon a ganin farko ba, kuma wannan jinkiri ba rashin sanin aiki ba ne.

Alamomi

Alamar farko yawanci rashin barci ce. Mutum ya kwana uku yana zagaye tsakar gida, ya daina wanka, ya ƙi abincin gidan don yana zargin an sa masa wani abu, yana dariya shi kaɗai. Wani kuma ya cika da kuzari, ya sayar da tunkiyar gida ya rabar da kuɗin, yana cewa an ba shi sarauta. Ciwon damuwa shi aka fi kasa ganewa saboda ba ya hayaniya. Mai shi ya shige ɗaki, ya bar gona ta cika da ciyawa, yana cewa ba shi da amfani, sai a ce ƙwaya ce ta kashe masa zuciya. A ɓangaren shan kuma ana tsintar fankon katin ƙwaya a ƙarƙashin tabarma, harshe ya yi nauyi, hatsi ya riƙa raguwa a rumbu ba a san mai ɗiba ba.

Akwai halin da ba a jiran gari ya waye. Wanda aka kasa tayarwa, numfashinsa na fita da ƙyar, leɓɓansa sun canja launi, ɗigon tsakiyar idonsa ya ƙanƙance, ya sha fiye da ƙima ne. A kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi, kada a ɗura masa madara ko manja, a kai shi asibiti mafi kusa tare da ragowar abin da ya sha. Akwai allurar nalokson da ke karya ƙarfin dangin kodin cikin mintuna, ya dace a tambaya ko akwai ta. Haka nan jijjigar da ta wuce minti biyar, da ruɗewar da ta zo da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya. Wannan na iya zama sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ba asibitin ƙwaƙwalwa ake fara nufa da shi ba.

Ranar da ya birkice

Abin da aka saba gani idan saurayi ya birkice shi ne unguwa ta taru a ƙofar gida, yara a kan katanga, majiya ƙarfi su danne shi, a kawo igiya. Taron tsoro yake ƙara masa, domin dama yana ganin ana farautarsa, ga shi kuwa an kewaye shi. Abin da ya fi shi ne a sallami jama'a, a kawar da lauje da gatari da wuƙa ba tare da an nuna masa ba, a kai mata da yara maƙwabta. Mutum ɗaya ne zai yi magana, wanda ya fi jin nauyinsa, ko kawu, ko malamin da ya koya masa karatu. Ya tsaya nesa kaɗan, kada ya tare ƙofa, hannuwansa a fili, murya ƙasa-ƙasa. Ba a yi masa gardama a kan abin da yake gani, ba a kuma gaskata masa shi. Idan ya ce, "Kawu, ga su nan sun zo kashe ni," ana iya ce masa, "Ni ban gan su ba, amma na ga a tsorace kake. Ina nan tare da kai, ba mai taɓa ka. Zauna ka sha ruwa." Sau da yawa rikicin yakan sauka da haka, ko da ya ɗauki awa guda. Idan yana riƙe da makami kowa ya ja baya, a nemi mai unguwa da jami'an tsaro, a gaya musu tun farko cewa mara lafiya ne za a kai asibiti. Idan riƙe shi ya zama dole, don a sa shi a mota ne kawai. Ba a hawa ƙirjinsa ko wuyansa, ba a kifa shi a kan cikinsa, domin ta haka ake kashe mutum ba da niyya ba.

Mari da turu gajiya ce ke kawo su, da rashin sanin inda za a nufa, amma ba su warkar da kowa ba. A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, aka sake samun irinsa a Daura cikin Oktoba, gwamnatin Kano kuma ta ba da umarnin rufe irin waɗannan gidaje. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a kula da shi cikin mutunci ba tare da azabtarwa ba. Wanda ya yi wata shida a ɗaure bai sha ba don bai samu ba ne. Ranar da aka kwance shi ciwonsa na nan, ƙishirwar ƙwayar na nan, ga gyambo a ƙafa, ga ƙullatar wanda ya ɗaure shi.

Zuwa asibiti

Matakin farko asibitin da ke kusa ne, inda za a duba zazzaɓi da sukari da hawan jini, a rubuta takardar turawa. Manyan wuraren biyu ne: asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a kan hanyar Katsina, wanda yanzu yake hannun gwamnatin tarayya, da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ba kamu kaɗai take yi ba, tana da sashen ba da shawara da layin waya na kyauta, 0800 1020 3040. Gwamnatin jiha kuma ta kafa makarantar gyaran hali a Ƙiru. Sai dai wanda yake jin muryoyi ko yake maganar mutuwa likita ya kamata ya fara gani kafin kowane gidan gyaran hali.

Mai rakiya ya zama wanda suke kwana gida ɗaya da shi. A tafi da duk fankon ƙwayar da aka tsinta, da tsofaffin katunan asibiti, da sunan duk sassaƙe ko jiƙon da aka ba shi. Likita zai tambayi yaushe aka fara ganin canji, me yake sha, nawa a rana, yaushe ya sha na ƙarshe, ko ya taɓa jijjiga, ko akwai mai irin ciwon a dangi. A nan ne kunya take ɓata aiki. Uba yakan ɓoye shaye-shayen don kada a ce bai yi tarbiyya ba, ya ce, "Likita, haka kawai muka ga ya canja." Likitan da ba a gaya wa maganar tiramol ba zai iya rubuta maganin damuwa irin su amitiriftilin ko fuloksetin, waɗanda haɗuwarsu da tiramol ke jawo jijjiga da zafin jiki mai haɗari. Abin da aka faɗa wa likita sirri ne. Yana da kyau kuma a bar mara lafiyan ya gana da shi su biyu na ɗan lokaci, domin akwai abin da ba zai faɗa a gaban mahaifinsa ba. Wanda ya taɓa yin allura da sirinjin wani a gwada shi ciwon hanta da ƙanjamau.

Ba kowace ƙwaya ake yankewa rana ɗaya ba. Wanda ya daɗe a kan diyazefam ko roci ko giya, idan ya tsaya kwatsam yana iya yin jijjiga ko ruɗewar da ke kisa, don haka a hankali likita yake rage masa. Mai tiramol ko kodin, cikin kwana guda da dainawa zai fara hamma da yoyon hanci, sai ciwon gaɓoɓi da gudawa da rashin barci. Abin ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku, yakan sauka cikin mako guda zuwa kwana goma. Wahala ce ta gaske, kada a ce raki yake yi. Ana sauƙaƙa ta da ruwan gishiri da sukari, da kunu, da abin da likita ya rubuta.

Riƙon magani a gida

Gida ya zaɓi mutum ɗaya da zai riƙe magani a akwati mai makulli, ya ba shi da hannunsa, ya tsaya har ya haɗiye. An fi dacewa idan aka haɗa shan da lokacin da ba ya sauyawa, kamar bayan sallar isha'i. Maganin zaucewa, irin su haloferidol da Largactil da risferidon da olanzafin, yakan kwantar da hayaniya cikin kwanaki, amma muryoyi da zargi sai an yi makonni suke ja baya. Na damuwa ma ba ya nuna aikinsa kafin mako biyu zuwa huɗu. Wasu kan sa jiki ya sandare, hannu ya riƙa rawa, yawu na dalala. Wani lokaci a kwanakin farko wuya ya murɗe, harshe ya fito, idanu su juye sama. Gidan da ba a gargaɗa ba sai su ce aljanu ne suka ƙi maganin asibiti, su zubar da shi, alhali illar magani ce da ake warwarewa cikin ɗan lokaci idan aka koma asibiti.

A nan akwai tarkon da ya kamata kowane mai jinya ya sani. Ƙwayar da likita ke rubutawa don hana wannan sandarewa, wato Artane ko Exol, ita ce dai wadda matasa suke saye don maye. Mara lafiyan da ya san daɗinta yakan riƙa kukan taurin jiki don a ƙara masa, ko ya tofar da ainihin maganin ya haɗiye ita, ko abokai su riƙa zuwa dubiya don su samu. Mai riƙon magani ya riƙa ƙirga ta kullum, kada ya ƙaro ko ɗaya daga kemis, ya kuma gaya wa likita idan ya ga alamar haka, domin ana iya sauya masa maganin da ba ya bukatar ta. Ga wanda yake yawan ƙin sha akwai allurar da ake yi sau ɗaya a mako biyu zuwa huɗu.

Babban abin da ke dawo da ciwo shi ne a ga sauƙi a daina. Bayan zaucewar farko akan ci gaba da magani watanni da yawa bayan an warware, sau da yawa shekara ko fiye, wanda kuma ciwon ya sha dawo masa zai iya zama a kai shekaru, kamar mai hawan jini. Kuɗi ne yakan yanke shi, musamman tsakiyar damina da rumbu ya yi ƙasa. Dangi su yi lissafin maganin shekara tun da kaka, a ware buhun wake ko gyaɗa dominsa, a kuma gaya wa likita gaskiyar aljihu, domin tsofaffin magunguna suna da arha, suna kuma aiki. Kafin azumi a tambayi yadda za a mayar da shan zuwa buɗa-baki da sahur. Wanda likita ya ce azumi zai tayar masa da ciwo shari'a ta yi masa rangwame, kuma limamin unguwa ya fi kowa dacewa ya gaya masa haka.

Kusan kowane gida wajen malam yake fara zuwa, kuma addu'a da ruƙiyya ba su hana magani. Inda ake tsayawa shi ne duka da sunan fitar da aljani, da hayaƙin barkono, da hana abinci, da umarnin a ajiye maganin asibiti.

Magana, aiki da abokai

Faɗa da gori da Allah-ya-isa an daɗe ana gwada su. Hanyar da masu ba da shawara suke bi ita ce a tambaya a saurara, a lokacin da yake cikin hayyacinsa, ba a gaban ƙannensa ba. Yayansa zai iya ce masa, "Me take yi maka idan ka sha?" Idan ya ce, "Yaya, ita ce ke sa muryoyin nan su yi shiru," ko ita ke ba shi ƙarfin noma, an sami bakin zaren, domin an san abin da za a kai wa likita da abin da za a sauya a aikinsa. Sai a biyo da, "To me ka rasa saboda ita?" Dalilin dainawa da ya fito daga bakinsa ya fi wanda aka ɗora masa ƙarko. Tausayi kuma bai hana sa iyaka ba. Ba a ba shi tsabar kuɗi, sayo masa abin da yake bukata ake yi. Ba a biya masa bashin dila, ba a yi masa uzuri a kan dukan mace ko yaro. Duk gidan su tsaya a kan haka, kada uwa ta riƙa miƙa masa a ɓoye abin da uba ya hana.

Karkara tana da gatan da birni ba shi da shi, wato aiki ba ya ƙarewa. A fara da mai sauƙi, ba dabbobi ruwa, yankan ciyawa, 'yan kunyoyi a gonar gida, a riƙa ƙarawa a hankali. Kada a mayar da shi jingar da ta koya masa tiramol. Bayan kaka ne lokacin haɗari, ga kuɗi a hannu, ga zaman banza, ga abokai na shirin ci-rani. Kiwo ko lambu ko koyon sana'a a hannun wanda ya san halinsa sun fi tura shi birni shi kaɗai. Majalisar da yake zama ba a raba shi da ita da umarni, sai an sama masa wata. Yi masa aure don ya natsu, tare da ɓoye wa iyayen yarinya ciwonsa, zalunci ne, kuma yakan ƙare da saki da tashin ciwo. Wanda ya daidaita a kan magani yana iya aure bayan an faɗi gaskiya.

Da yawa sukan koma sha bayan sun daina, wasu fiye da sau ɗaya, kuma hakan bai mayar da wahalar baya asara ba. A koma asibiti a makon, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. A kuma gaya masa a fili cewa bayan hutu jikinsa ba zai ɗauki adadin da ya saba ba, abin da yake haɗiya a da yanzu zai iya kashe shi.

Maganar mutuwa

Haɗuwar damuwa da maye tana ƙara haɗarin mutum ya halaka kansa. Wanda ya ce gara ya mutu ya huta, ko ya fara neman gafarar mutane ba dalili, ba a ce masa ya daina saɓo a wuce. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, da ko ya shirya yadda zai yi. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Gidan manomi cike yake da guba, ga fiya-fiya, ga maganin feshin ciyawa, ga ƙwayar da ake sa wa buhun wake. A kwashe su tare da bindigar farauta a kai gidan wani a kulle, domin irin wannan tunani yakan zo da ƙarfi ya wuce idan hannu bai kai ga komai ba.

Mata

Binciken 2018 ya nuna ɗaya cikin kowane huɗu na masu shan mace ce, amma tata ta fi ɓoyuwa. Yaro ake aika ya sayo, a sha a ɗaki. Sau da yawa a ƙarƙashin shan akwai damuwar da ba ta da wanda za ta faɗa wa, ta zaman kishi ko rasuwar ɗa ko dukan miji. Idan asiri ya tonu, saki da raba ta da 'ya'yanta ne suka fi saurin biyowa, su kuwa ciwon duka biyu suke ƙarawa. Mace ta raka ta asibiti. Mai jegon da ta daina barci, take sambatu ko ƙin jaririnta, a kai ta a ranar, kada a bar ta ita kaɗai da shi. Mai ciki ko mai shayarwa a sanar da likita, domin wasu magunguna suna illa ga ɗan tayi, kuma mai cikin da ta saba da kodin ko tiramol ba ta yankewa da kanta.

Mai jinya

Nauyin yakan faɗa kan mutum ɗaya, galibi uwa ko mata, har ita ma ta daina barci. Dangi su raba shi tun farko a zaman da babban gida zai jagoranta, a san mai riƙon magani, da mai rakiya, da mai biyan mota, da wanda za a buga wa ƙofa da tsakar dare. A ajiye ƙaramin littafi a riƙa rubutawa, da boko ko da ajami, sunan magani da ranar allura da kwanakin da bai yi barci ba da ranar da aka ga ya sha, a tafi da shi duk zuwa asibiti, domin ba lallai likitan da aka gani wancan watan shi za a tarar ba. Idan mai jinyar ta fara ramewa ko kuka ba dalili, ita ma a sa likita ya duba ta a ranar da aka kai mara lafiyan.